Penn Spinfisher VI 8500 a gaɓar tekun Legas: ya isa kamun shak da dare?

Wanda ya taso yana fatsa a Yawuri ko Argungu ko bakin dam ɗin Tiga, ranar da ya fara tsayawa a gaɓar tekun Legas zai gane cewa kayan kogi ba na nan ba ne. Gishiri yana cin ƙarfe, yashi yana kutsawa ko'ina, taguwar ruwa kuma ba ta hutawa dare da rana. Shi ya sa 'yan'uwa na Agege da Idi-Araba da Obalende masu sha'awar fita bakin teku da dare suke yawan tambaya: wane injin naɗe zare ne zai jure wannan wahala, ya kuma riƙe kifin shak idan ya ɗauki ƙoto? Amsarmu ita ce Penn Spinfisher VI mai lamba 8500. Ya isa aikin, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ne suka fi muhimmanci, domin yawancin masu kuka da wannan inji sun ɗora masa abin da kamfanin bai taɓa cewa zai ɗauka ba.

Penn tsohon kamfani ne, an kafa shi a birnin Filadelfiya na Amurka a 1932, wannan zubi na shida kuma ya fito kasuwa a 2018. Girmansa ya kama daga 2500 har 10500. Jikinsa ƙarfe ne gaba ɗaya, boris ɗinsa shida ne, biyar na juyi da ɗaya mai hana hannu komawa baya. A mai lamba 8500, duk murzawar hannu ɗaya kan injin yana zagayawa sau 4.7, yana naɗe zare kusan mita ɗaya. Kwarkwaronsa yana ɗaukar fiye da mita 400 na zaren kitso mai ƙarfin laba 65, birkinsa kuma, wato abin da ke riƙe zare idan kifi yana ja, a rubuce yana kaiwa laba 40, wato kilo 18. Lokacin da ya fito, kuɗinsa a ƙasashen waje yana kewayen dala 200, a nan kuwa farashi yana bin canjin ranar. Akwai sabon zubi na bakwai da ya biyo baya, abin da ya sa ake samun wannan da ɗan rangwame a hannun masu shigo da kaya.

Maganar hana ruwa shiga

A jikin kwalin za ka ga an rubuta IPX5. Nan ne mutane suke ruɗewa. Ma'anar wannan lamba ita ce an gwada injin da feshin ruwa daga kowace kusurwa bai shiga ciki ba. Feshi ke nan, ba nutso ba. Taguwa ta fashe ta watsa maka ruwa, ko ruwan sama ya sauko da tsakar dare, injin zai ci gaba da aiki lafiya lau. Amma idan sandar ta faɗi, ruwa ya rufe injin yana birgima da shi cikin yashi, ko mutum ya shiga ruwa har ƙirji yana murza hannu a ƙarƙashin ruwa, to robobin da suka toshe ƙofofin ba za su iya ba. Ruwan gishiri zai shiga, bayan mako biyu ka ji hannu yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

Duk da haka, wannan toshiya ita ce dalilin da ya sa muka fifita shi. Gaɓar Legas tana da gangara, taguwa tana zuwa ta fashe dab da ƙafarka da ƙarfi, iskar kudu maso yamma kuma tana ɗauko raɓar gishiri ta shafe komai. Ka kafa sanda da magariba, kafin ƙarfe goma ka shafa injin ka ji yana danƙo. Injin da ba a toshe ba yana shan wannan gishiri ta gindin kwarkwaro da gefen hannu a kowane dare, ko da bai taɓa faɗawa ruwa ba. A Spinfisher VI an toshe ɗakin da haƙoran giyar injin suke, an kuma toshe ɗakin birki. Abin da aka biya a madadin haka shi ne sulɓi: sabo fil idan ka murza shi za ka ji ɗan nauyi, bai kai Daiwa BG, injin wani kamfanin daban, laushin juyi ba. Kada wannan ya dame ka. Mai jefa ƙoto ya zauna jira ba ya murza hannu sau ɗari a awa ɗaya, abin da yake bukata shi ne injin da zai tashi aiki idan kifi ya zo ƙarfe biyun dare.

Abu ɗaya da ake mantawa: hannun yana cirewa a mayar da shi hagu ko dama. Murfin da ke rufe ɗaya ɓangaren yana cikin abin da ke tare ruwa. Wanda ya sauya hannu bai ɗaure murfin sosai ba, ya buɗe wa gishiri ƙofa da kansa.

Birki, da yadda ake saita shi

Birkin nan washoshin kabon ne da kamfanin yake kira HT-100. Kyawunsa shi ne yana sakin zare a hankali ba tare da fizga ba, ko da ya yi zafi. Wannan ya fi kilo 18 ɗin da aka rubuta amfani, domin babu mai tsayawa a kan yashi da sanda mai ƙafa 12 ya riƙe kilo 18, sandar za ta ja shi ya kifa. Ƙa'idar da aka saba ita ce a saita birki tsakanin rubu'i da sulusin ƙarfin zare. Ga zare mai laba 65, wato wajen kilo 29, birkin faɗa, wato na lokacin kokawa da kifi, ya tsaya tsakanin kilo 7 da kusan 10, mu ma mun fi son a fara da kilo 6 ko 7. Kada ka kintata da hannu. Ka samu ƙaramin sikelin rataya irin na masu awon kaya, ka zura zare ta zobban sanda, wani ya riƙe sikelin, ka ɗaga sanda har zare ya fara fita, ka karanta. Ka sa alama da ɗan fenti a kan mamurɗin birkin domin ka gane wurin a cikin duhu.

Ga wani abu da ke tsinka zare mutane su ɗora wa injin laifi. Yayin da kifi yake gudu da zare, kaurin naɗin da ke kan kwarkwaro yana raguwa, ƙarfin birki kuma yana ƙaruwa da kansa. Idan kaurin ya koma rabi, birkin ya ninka. Wato kilo 7 ya zama 14 ba tare da ka taɓa komai ba. Don haka idan ka ga zare ya yi nisa, abin yi shi ne sassautawa kaɗan, ba ƙara ɗaurewa ba, duk da cewa zuciya tana ce maka ka tsayar da shi. A cikin kwarkwaron akwai layuka da ke nuna sulusi da sulusi biyu da cikakke. Da fitilar goshi kana iya duba su ka san inda kake.

Rashin da muka fi gani a wannan zubi shi ne na birki na biyu. Kamun shak yana bukatar yanayi uku: birki a ɗaure tamau lokacin jifa, domin idan kwarkwaro ya zame zaren kitso zai yanka yatsa har ƙashi, birki a sake sosai lokacin jira, domin kada kifi ya fizge sanda ya shige teku da ita, sannan birkin faɗa. A kan 8500 na gama-gari duk da mamurɗi ɗaya za ka yi wannan, kana murzawa gaba da baya cikin duhu. Akwai nau'in da ake kira Live Liner, shi ma yana zuwa a 8500, wanda yake da ɗan maƙunni a baya da ke sakin zare da sauƙi, da ka murza hannu sai babban birki ya kama. Wanda ya samu wannan, kuɗinsa kuma ya kai, shi ya fi dacewa da fatsar dare. Wanda bai samu ba, ya mayar da abin al'ada: jifa, kafa sanda, sassauta birki, ja zare da hannu ka tabbatar yana fita yana ƙara. Mantuwa sau ɗaya ta isa raba mutum da inji da sanda gaba ɗaya.

Bakan ƙarfen da ke kama zare ba ya rufe kansa a girman 6500 zuwa sama, da hannu ake mayar da shi. Wasu suna ɗauka lalacewa ce su koma wa mai kaya da faɗa. Da gangan aka yi shi haka. Idan baka ya rufe kansa ana tsakiyar jifa da dalma mai giram 170, zare zai tsinke, dalmar ta tafi kamar harsashi, Allah Ya kiyaye wanda ke gaba.

Haɗin zare

Inji komai kyawunsa ba ya kama kifi idan abin da ke gabansa ba daidai ba ne, kuma a nan ne aka fi asara. Kwarkwaron yana da zoben roba a tsakiya, don haka ana ɗaura zaren kitso kai tsaye ba ya zamewa. A naɗa shi da tauri, ana matse zaren da jiƙaƙƙen tsumma, a tsaya saura milimita biyu ko uku a kai baki. Idan aka cika fal, jifan farko zai fito da dunƙule ya ƙulle. Idan kuma aka naɗa sako-sako, ranar da babban kifi ya ja, zaren sama zai nutse cikin na ƙasa ya maƙale ya tsinke. Idan ka lura naɗin yana taruwa a sama ko a ƙasa, ana gyara shi da ƙara ko rage 'yan siraran washoshin da ke ƙarƙashin kwarkwaro. Kyan shimfiɗa zare ba shi ne inda wannan inji ya fi gwaninta ba, matsakaici ne, ka duba shi tun a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan zaren kitso sai zaren roba mai kauri, laba 80 zuwa 100, tsawon mita 8 zuwa 10, a haɗa su da siririn ƙullin da ake kira FG domin shi ne yake wucewa ta zobban sanda ba tare da karo ba. Aikinsa biyu ne. Yana ɗaukar fizgar jifa, inda ƙa'idar ita ce laba 10 ga kowane oza na nauyin da ake jefawa, dalma oza 6 (giram 170) da ƙoto ka ga an doshi laba 80 ko fiye. Sannan yana jure gogayya, domin fatar shak kamar sanfefa take, idan ya juya ya naɗe zare a jikinsa ko ya doke shi da wutsiya, zaren kitso ba ya daɗewa. A kan wannan zare za a zura ɗan bututun da ke ɗauke da dalma yana zamewa, sai dutsen ado ɗaya mai kare ƙulli, sai majuyi, ɗan ƙarfen da ke juyawa yana hana zare murɗewa, mai ƙarfin laba 200 ko fiye. Daga majuyi, zaren roba mai laba 200 tsawon kamar mita ɗaya, sai waya mai laba 135 zuwa 175 tsawon santimita 30 zuwa 45, sai ƙugiya. Kada dukan wannan gaba ya wuce mita ɗaya da rabi, in ba haka ba jifa zai gagara. Waya mai rufin roba ta fi, domin shak yana da wasu ƙananan ƙofofi a hancinsa da ke jin wutar lantarki a ruwa, kuma rufin yana hana wayar lanƙwashewa da wuri.

Ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, lamba 8/0 zuwa 10/0, ita ce ta wannan aiki, kuma wadda take tsatsa, ba mai hana tsatsa ba. Mutanenmu da suka saba da tarwaɗa da giwan ruwa suna da hannun fizga da zarar sun ji motsi. Da wannan ƙugiya fizga ɓarna ce, za ka zare ta daga bakin kifin. A bar shi ya tafi da ƙoto daƙiƙa biyar zuwa goma, a ɗaure birki a hankali zuwa alamar da aka sa, a murza har sanda ta lanƙwasa. Ƙugiyar da kanta za ta zame ta kama gefen baki, inda haƙori ba ya kai wa zare, inda kuma cirewa take da sauƙi.

Sanda mai ƙafa 12 wadda aka rubuta mata nauyin jifa oza 4 zuwa 10 ita ce ta yi daidai da 8500. A nan za mu faɗi ra'ayinmu a kan masu cewa gara a sayi 10500 tunda shak za a kama. Ba mu yarda ba. Wancan ya haura kilo ɗaya shi kaɗai, yana gajiyar da kafaɗa, jifa kuma yana raguwa. Shak ɗin da ke zuwa inda ƙoton da aka jefa da hannu yake kaiwa yawanci ƙanana ne da matsakaita: ɗan siririn nan da ba ya cika wuce mita ɗaya, da mai baƙin bakin fiffike wanda yake kaiwa mita ɗaya da rabi, sai jefi-jefi 'ya'yan mai kan guduma. Akwai babban nan mai kaurin jiki da ke shiga bakin kogi da lagun, wato tafkin da ke haɗe da teku, wanda yake iya haura mita uku. Idan irinsa ya ɗauka, mita ɗari da 10500 ya ƙara maka ba lallai ta cece ka ba. Masu neman irin waɗannan a wasu ƙasashe da manyan injuna irin su Penn Senator suke aiki, suna kai ƙoto nesa da ɗan kwale-kwale. Ba mu ba kowa shawarar ya gwada haka a taguwar Legas da dare. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Abin da ruwan Legas yake yi wa inji

Idan ka fuskanci teku a Legas, kudu kake kallo, yamma tana hannun damanka. Ruwan gaɓa yana tafiya ne daga yamma zuwa gabas, wato daga dama zuwa hagu, yana ɗauke da yashi. Wannan jan ruwa ne ya sa, bayan an gina katangun duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, yashi ya taru a ɓangaren Lighthouse Beach, Bar Beach kuma ta yi ta zaizayewa har aka zo aka cike wurin aka yi sabuwar unguwar Eko Atlantic. Shi ne kuma zai ɗauki dalmarka ya mirgina ta ya dawo da ita gaɓa cikin minti biyar idan mulmulalliya ce. Dalma mai ƙafafun waya huɗu da ke nutsewa cikin yashi, giram 170 zuwa 225, ita ce take zama. A jefa ta ɗan dama kaɗan, a bar ta ta kafu kafin a ja zare ya miƙe.

Sai shara. Leda, buhunan ruwan sha, tsummoki, da kainuwar da lagun yake amayarwa daga ƙarshen damina, duk suna taruwa a kan zare har su yi nauyin kilo da yawa. A nan ne giya mai 4.7 take nuna amfaninta, domin tana da ƙarfin ja. Amma kada a mayar da inji kura. A ɗaga sanda a jawo nauyin, a sauke ta ana naɗewa, haka ake yi ko da kifi ne ko da shara. Murza hannu da ƙarfin tsiya alhali zare yana fita daga birki yana murɗe zare, yana kuma cin haƙoran giya. A kafa sanda a tsaye cikin bututun roba mai tsawon mita ɗaya da rabi, an fere gindinsa an nutsar da aƙalla rabin mita cikin yashi. Wannan yana ɗaga zare sama da inda taguwa take fashewa, yana kuma nisanta injin daga yashi. Kada a taɓa kwantar da shi ƙasa, ko don sauya ƙoto.

Daga Yuni zuwa Satumba teku yana hauka, ko dalma mai giram 225 ba ta cika zama ba, haɗarin kuma ya fi ribar. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwa ya fi kwanciya. Teku yana cika sau biyu a kwana, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kullum lokacin yana matsawa gaba da wajen minti 50, bambancin cika da janyewa kuma kusan mita ɗaya ne. Awa biyu kafin cika zuwa awa ɗaya bayanta shi ne lokacin da ya fi, musamman idan ya faɗo bayan isha'i. A je wurin tun da rana lokacin da ruwa ya janye a karanta shi: inda taguwa take fari tudun yashi ne, inda ruwa ya yi duhu ya kwanta tsakanin tudun da gaɓa kwari ne, kuma ta nan kifi yake bi da dare. Sau da yawa bai wuce mita 40 zuwa 60 ba. Wannan ya sa ƙarancin nisan jifa na wannan kwarkwaro, idan aka gwada shi da masu dogon kwarkwaro, ba wata babbar matsala ba ce a nan.

Ƙoto kuwa, kifi mai mai da jini: bonga, shawa, kote, ko taitus. Ɗanye na ranar daga hannun masunta a Makoko ko Epe ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba. Na ƙanƙara idan ya narke yana yin laushi ya fice tun a jifa, sai an barbaɗa masa gishiri awa uku ko huɗu ya yi tauri. Yanka mai giram 80 zuwa 120 ya isa, a soke shi sau ɗaya ta fata, a ɗaure da zaren roba mai talewa, tsinin ƙugiya a waje. Kaguwa tana cinye ƙoto, a duba duk minti 20 zuwa 30.

Mafi yawan kifi a mita goman ƙarshe suke kuɓucewa. Idan taguwa ta koma, tana jan kifin da nauyin ruwa gaba ɗaya, zare kuma ya yi gajere babu abin da zai tale. A sassauta birki kaɗan, a bar shi ya koma tare da ruwan, a jawo shi tare da taguwa ta gaba. Laushin birkin HT-100 a nan yake biyan kuɗinsa. Mai kama zaren gaba ya sa safar hannu, kada kuma ya naɗa zare a hannunsa ko sau ɗaya.

Muna roƙon 'yan'uwa a kan abin da za a yi da kifin. Wasu nau'o'in mai kan guduma suna cikin halittun da IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa a sahun masu dab da ƙarewa tun 2019, haka ma wasu nau'o'in kifin nan mai faɗin kai da doguwar wutsiya kamar garaya. Shak ba ya zuba ƙwai dubbai kamar ƙarfasa, 'ya'ya kaɗan yake haifa bayan shekaru. Mai kan guduma kuma doguwar kokawa kaɗai tana iya kashe shi ko an sake shi. A bar shi cikin ruwa mai kai idon sawu, kada a ja shi da wutsiya zuwa busasshen yashi, a cire ƙugiya da doguwar filaya, in ta ƙi a datse wayar kusa da baki da almakashin ƙarfe, a mayar da shi cikin minti biyu. Dalilin zaɓen ƙugiya mai tsatsa ke nan: wadda aka bari a baki tsatsa za ta cinye ta. Wanda zai ɗauki ƙarami ɗaya don miya, a mazhabarmu ta Malikiyya naman teku halal ne, amma a kashe shi nan take kada a bar shi yana shan wahala, a zubar da jini, a fasa ciki, a sa a ƙanƙara. In aka yi jinkiri naman yana ɗaukar zarni. Idan kuwa mai faɗi kamar faifai ne ya fito, a kula da ƙayar wutsiyarsa. Wanda ta soka ya tsoma wurin cikin ruwan zafi daidai wanda fata za ta iya jurewa, a wuce da shi asibiti.

Kada mutum ya fita shi kaɗai, uku ya fi. A nemi izinin masu kula da wurin da mutanen gari tun da rana, ko a Eleko ne ko Akodo ko ɓangaren Badagry, a nisanci inda ake wanka. Masu nufin Tarkwa Bay ko Ilashe su sani cewa hukumomin ruwa sun hana jiragen fasinja tafiyar dare, wanda ya tsallaka sai gari ya waye. Fitilar goshi mai jan haske ta fi, ba ta kashe ido, ba ta kuma firgita kunkurun teku da ke hawowa yin ƙwai. Ba a shiga ruwa ya wuce gwiwa.

Wanki da ajiya

Rayuwar wannan inji a Legas tana hannun abin da aka yi masa da safe bayan an dawo. A ɗaure birki tukuna domin robar ta matse, a zuba ruwan famfo a hankali daga sama, ba da tiyo mai ƙarfi ba, ba kuma a tsoma shi cikin bokiti ba. A goge, a bar shi ya sha iska a inuwa, sannan a sassauta birki gaba ɗaya kafin ajiya, domin washoshin da aka bari a matse suna daskarewa su fara fizga. A ɗiga man inji ɗigo ɗaya a ɗan gargaren da zare yake bi a jikin baka, da gaɓoɓin bakan, da mariƙin hannu. Wannan ɗan gargare shi ne yake fara mutuwa, domin duk zaren da ya jiƙe da gishiri ta kansa yake wucewa. A gwada shi da tsinken ashana: in bai juya ba, zai murɗe zare ya kuma cinye shi. Duk fita uku ko huɗu a cire kwarkwaro a share yashin da ke ƙarƙashi da tsohon buroshin haƙori, a shafa giris kaɗan a sandar tsakiya. Fetur da kananzir suna lalata robobin toshiya, man feshi kuma kada ya kusanci birki. Kada a ƙulle shi cikin leda, laimar Legas za ta gama da shi a ciki. Idan ya nutse, a buɗe shi a ranar ko washegari, a wanke, a sake giris, kada a jira sai ya fara ƙara.

Wajen saye, araha ba ta ado. Jabun kayan fatsa suna yawo, musamman a tallan intanet. A karɓa a hannu a duba: kwali da takardar zanen sassa suna ciki, rubutun jiki ba ya gogewa da farce, hannu ba ya komawa baya ko kaɗan, birki yana ƙara tauri sannu a hankali ba tsalle ɗaya ba. Na hannu kuwa, a cire kwarkwaro a duba farin gishiri da tsatsa a ƙarƙashi, a shafa bakin kwarkwaron da yatsa, domin ƙaramin tabo a wurin yana yanka zaren kitso a kowane jifa. Kayan gyara ba a kowane shago ake samu ba, don haka mai yin oda daga waje ya haɗa da washoshin birki saiti ɗaya da ɗan gargare na ajiya tun a karon farko.

Ga mai kwatantawa: Penn Battle ya fi araha amma ba shi da wannan toshiya, zai yi wa mai fita sau biyu ko uku a shekara wanda ba ya wasa da wanki. Daiwa BG 8000 ya fi sulɓi, birkinsa kilo 15, sai dai shi ma ba a toshe shi haka ba, kuma lambobin kamfanonin ba ɗaya suke ba, a gwada girma da ido. Penn Slammer ya fi shi toshiya da ƙarfin birki, kuɗinsa ma ya fi. Mai fita duk mako daga Nuwamba zuwa Maris, wanda aljihunsa bai kai Slammer ba, ya ɗauki 8500 ɗin nan, Live Liner in ya samu, ragowar kuɗin kuma ya zuba su a zare mai kyau, dalma mai ƙafafu guda shida, da almakashin ƙarfe.